Numfashin Tanki

Shekara bakwai Benlin Baba na jingine a zaure,
kaji na kwana a kan sirdinsa.
Bana na ce sai ya tashi.
Na sayo taya a Tashar Dukku, na sayo sarƙa,
na kankare tsatsar tanki har fatar yatsuna ta saɓule,
na shafe shi da jan fenti, hannu uku,
ko murfin ban ƙyale ba.

Bugu ɗaya ya amsa.
Muryar nan ce dai, mai kauri,
wadda in muka jiyo daga kwanar layi
sai mu watsar da ƙwallo mu rarumi littafi.
Na baro Herwagana ina jin kaina,
ban gama Jekadafari ba ya soma tari,
ya ja, ya saki, ya ja,
ya yi shiru
a gindin darbejiyar Malam Bappayo mai faci.

Na buɗe tanki: ga mai fal.
Na rufe, na buga, ya tashi kamar ba shi ba.

Washegari haka. Jibi ma haka.
Bishiyar nan dai, inuwar nan dai.
Inna ta ce, "Ai nan mahaifinku yake tsayawa su gaisa.
Ƙarfe ma yana da sabo."
Na yi dariya a gabanta,
a ɗaki ban yi ba.

Yaron gareji ya ce fulogi ne. Na canza.
Ubangidansa ya ce kwayil ne, in ya ɗau zafi sai wuta ta ɗauke.
Na canza.
Wani ya shinshina ya ce 'yan bumburutu sun gauraya min da kalanzir.
Sau biyu aka wanke kafireta,
aka baje hanjinta a kan tire kamar kayan mahauci.
Kuɗin takin gonata ya tafi,
babur bai fasa tsayuwarsa ba.

Sai aka kwatanta min Usta Gidado a Pantami,
tsoho, yana ta rufe masa ido ɗaya.
Bai ɗau sifana ba.
Ya ce, "In ya mutu, me kake fara yi?"
Na ce ina leƙa tanki.
"Sai ya tashi?"
"Sai ya tashi."
Ya tattare rigarsa. "Goya ni."

Muka tafi, ƙashin gwiwarsa na sukar kwankwasona.
Da tarin ya zo, da shirun ya biyo,
ya ce, "Cire hannunka."
Ya kanga kunne, ya murɗa murfin a hankali,
sai tanki ya ja iska,
dogon ja,
irin na yaron da ya gama kuka.

"Ka ji?
Gwangwanin madara ƙofa biyu ake huda masa,
ɗaya ta zuba, ɗaya ta shaƙa.
Wa ya yi wannan fentin?"
Na sunkuyar da kai.
Ya zaro allura daga naɗin hularsa,
ya lalubi murfin da ɗan yatsa, ya soka.
Ɗan ɓarɓashi ja ya faɗo a tafinsa,
bai kai ƙwayar gero ba.

"Garin gyara ka toshe masa hanci.
Abin da ba ya shaƙa ba ya bayarwa."
Na miƙa masa kuɗi, ya ture.
Ya ce shi ya ɗaura wa injin nan zobe
tun ina goye.

Da la'asar na sake bin hanyar.
Jekadafari ta zo, babu tari,
darbejiya ta matso, inji na ta rurinsa,
yana neman hanyar Kumo.
Ni na taka birki.
Ni na murɗe makulli.
Malam Bappayo ya ɗago daga kwanon ruwan facinsa,
ya daɗe yana kallon babur kafin ya kalle ni,
sannan ya matsa min gefen benci.